Yadda Ake Bin Salsalar Iyalan Faransawan Kanada Ba Tare Da Sunaye Sun Ɓatar Da Kai Ba

Faransawan Kanada, musamman na lardin Kebek, wanda a takardu ake rubuta shi Québec, suna cikin al'ummomin da salsalarsu ta fi sauƙin bi a duniya, domin limaman cocin Katolika sun fara rubuta baftisma da ɗaurin aure da binne mamaci tun a shekarar 1621, kuma mafi yawan waɗannan kundaye suna nan har yau. Miliyoyin mutanen da ke da wannan asali a Kanada da Amurka sun fito ne daga tsatson baƙi kimanin dubu goma da suka zauna a gaɓar kogin Saint-Laurent kafin Birtaniya ta karɓe ƙasar a 1760. Na yi wannan aiki ga iyalai da dama, kuma kusan duk inda na ga sabon shiga ya ɓace, suna ne ya ɓatar da shi, saboda mutum ɗaya yana iya bayyana da sunan dangi ɗaya a ranar baftismarsa, wani dabam a ranar aurensa, wani kuma a kan kabarinsa. Maganin wannan ƙa'ida ɗaya ce da za ta bi mu har ƙarshe: kada ka nemi mutum shi kaɗai, ka nemi miji da matarsa tare.

Kayan aiki

Ka tanadi littafin rubutu ko fayil a kwamfuta inda kowane miji da mata za su sami shafinsu, ka riƙa shigar da ranar aure, sunan coci, iyayen kowannensu, da wurin da ka ga bayanin. Na ƙarshen nan shi ne mutane suka fi sakaci da shi, sai bayan wata biyu su rasa inda suka samo wata shekara.

A intanet, shafin FamilySearch yana da hotunan kundayen cocin Katolika na Kebek kyauta, rajista kawai ake yi. Tarin Drouin, wanda cibiyar da ke da wannan suna ta ɗauki hotonsa tun a shekarun 1940, ana samunsa a shafin Généalogie Québec da kuma Ancestry, amma da kuɗi. Akwai kuma PRDH, shirin bincike na Jami'ar Montreal da aka fara a 1966, wanda ya haɗa takardun tun daga 1621 har tsakiyar ƙarni na 19 ya jera su iyali iyali. A ganina, in kuɗinka na abu ɗaya ne kawai, a nan ya kamata ka kashe shi. Hukumar adana littattafai da takardun tarihi ta Kebek, wadda ake taƙaita sunanta BAnQ, tana da kundaye da yarjejeniyoyi masu yawa kyauta, ita kuma takwararta ta tarayyar Kanada tana da ƙidayar jama'a.

Littattafai biyu ne kowa ke komawa gare su. Na farko ƙamus ɗin salsala na limami Cyprien Tanguay, juzu'i 7, wanda aka buga tsakanin 1871 da 1890, ana karanta shi kyauta a intanet, sai dai yana da kurakurai da giɓi da yawa. Na biyu na René Jetté, wanda ya fito a 1983 kuma ya tsaya a shekarar 1730, ya fi shi inganci nesa ba kusa ba. Daga ƙarshe kana bukatar taswirar garuruwan gaɓar kogin da ɗan abin da ba a rasa ba na Faransanci. Wanda ya yi makaranta a Nijar ko Kamaru ya riga ya yi rabin tafiya, wanda bai iya ba kuma kalmomi talatin zuwa arba'in sun ishe shi, domin limaman suna maimaita tsari ɗaya ne shafi bayan shafi.

Mataki na 1: Fara daga gida

Ka zauna da tsofaffin gidan ka tambaye su sunan kakanni, garin da aka yi aure, da sunan gidan da kowace kaka ta fito. Ka duba katin jana'iza, sanarwar rasuwa a jarida, da bayan tsofaffin hotuna. Abin da kake nema shi ne ma'aurata guda da suka yi aure a Kebek kimanin shekara ɗari da suka wuce ko fiye, domin takardun baya-bayan nan ba a buɗe suke ga kowa ba. Kada ka fara daga wani shahararren mai sunan gidanku na ƙarni na 17 kana gangarowa. Daga yau ake hawa zuwa baya, tsara bayan tsara.

Mataki na 2: In dangin a Amurka suke, ka mayar da sunan asalinsa

Tsakanin 1840 da 1930 kimanin mutum 900,000 sun bar Kebek zuwa Amurka, akasarinsu don aiki a masaƙun garuruwa irin su Lowell, Fall River, Manchester, Lewiston da Woonsocket. A can sunaye suka sauya ta hanya biyu. Wasu an fassara ma'anarsu: Roy ya zama King, Leblanc ya zama White, Boisvert ya zama Greenwood, Boulanger ya zama Baker, Lapierre ya zama Stone, Meunier ya zama Miller. Wasu kuma magatakarda ya rubuta yadda kunnensa ya ji, sai Benoît ya koma Benway, Gauthier ya koma Gokey. Sunayen yanka ma ba su tsira ba, domin Guillaume kan zama William, Jacques ya zama James, Narcisse kuma sau da yawa ya zama Nelson.

Dabarar ita ce ka furta sunan da ƙarfi da lafazin Faransanci ka ji abin da yake kama da shi, sannan ka nemi kundin cocin Katolika na masu jin Faransanci a garin da suka sauka, domin limamin can ɗan gida ne, yakan rubuta sunan daidai ko da takardar gwamnati ta ɓata shi. In ba ka iya isa ga kundin ba, ƙungiyoyin binciken salsala na Faransawa da ke Woonsocket da Manchester sun tattara jerin aure na coci-coci masu yawa. Kada ka ɓata lokaci neman ƙidayar Amurka ta 1890, wuta ta cinye kusan dukkanta. Ka yi amfani da ta 1880 da ta 1900.

Mataki na 3: Nemo takardar ɗaurin aure

Nan ne ƙashin bayan aikin. Takardar aure ta Kebek tana kawo sunan ango da amarya, sunan iyayen kowannensu, da cocin garin da suke zaune. Abin da ya fi kome daraja shi ne mace tana riƙe sunan gidan ubanta a kundin coci da na shari'a tun daga haihuwa har kabari, ko da maƙwabta suna kiranta da sunan mijinta. Dokar Kebek ta 1981 ma ta tabbatar da cewa aure ba ya sauya wa kowa suna. Saboda haka kowace takardar aure tana ba ka ma'aurata biyu sababbi da cikakkun sunayensu, ka nemi auren kowannensu, su ma su ba ka nasu iyayen, haka za ka yi ta hawa kamar tsani.

Yawanci a cocin garin amarya ake ɗaura aure, don haka can za ka fara dubawa. A gefen shafi limami kan sa harafin B don baftisma, M don aure, S don binnewa. Kalmar fils tana nufin ɗa, fille 'ya, feu ko défunt marigayi, défunte marigayiya, de cette paroisse kuma mazaunin yankin wannan coci. Majeur shi ne wanda ya kai shekarun mallakar kai, mineur wanda bai kai ba, amma ka sani cewa a zamanin mulkin Faransa shekara 25 ce iyakar, daga baya aka sauko da ita 21, don haka kada ka ɗauki duk mineur a matsayin yaro ƙarami. Ana rubuta shekara da kalmomi, ba da lambobi ba. Akwai kuma tarkon da ke kama kowa sau ɗaya: 7bre Satumba ce, ba Yuli ba, 8bre Oktoba, 9bre Nuwamba, Xbre ko 10bre kuma Disamba.

In ka ga veuf ko veuve, wato wanda matarsa ta rasu ko wadda mijinta ya rasu, to galibi ba za a ambaci iyayensa ba, sai dai sunan abokin zaman da ya rasu. Kada ka karaya, ka nemi aurensa na farko da wannan sunan, a can iyayen suke. In kuma an ambaci dispense de consanguinité, wato izinin auren dangi, ka rubuta matakin: na biyu yana nufin kakanninsu ɗaya, na uku yana nufin kakannin iyayensu ne ɗaya, kuma wannan zai taimake ka gwada ingancin abin da ka gina daga baya.

Mataki na 4: Warware laƙabin "dit"

Kalmar dit, ko dite ga mace, tana nufin "wanda ake ce wa", kuma ita ce ke haɗa sunan dangi na asali da laƙabin da ya bi gidan: Hudon dit Beaulieu, Audet dit Lapointe, Roy dit Desjardins, Miville dit Deschênes, Gauthier dit Larouche, Pépin dit Lachance. Bambancinsa da inkiyar da muka saba da ita shi ne ana gadonsa, kuma yana shiga takardun hukuma.

Da yawa daga cikin laƙuban daga bariki suka fito. A 1665 aka turo daga Faransa rundunar Carignan-Salières mai sojoji kimanin 1,200, kuma wajen 400 daga cikinsu suka zauna a ƙasar bayan an sallame su, kowa da sunan da aka laƙaba masa a soja: Lafleur, wato fure, Jolicoeur, mai kyakkyawar zuciya, Sanschagrin, marar baƙin ciki, Sansregret, marar nadama, Tranchemontagne, mai tsaga dutse. Wasu laƙuban suna nuna mahaifa a Faransa, kamar Langevin daga Anjou, Potvin daga Poitou, Picard daga Picardie, Normand daga Normandie. Wasu kuma bukata ce ta haifar da su, domin iyalai suna da 'ya'ya goma ko fiye, kuma dole a bambanta gida da gida a ƙauye ɗaya. 'Yan'uwa biyu daga Tourouvre a Faransa, Nicolas Rivard dit Lavigne da Robert Rivard dit Loranger, misali ne mai kyau, domin a cikin zuriyarsu akwai masu amsa Rivard, Lavigne, Loranger, Dufresne, Lacoursière da Lanouette, kuma duk jini ɗaya ne.

Ga yadda ake aiki da shi. Duk sunan dangin da ka samu, ka duba jerin laƙuban da ke tafiya da shi a PRDH ko a ƙarshen littafin Tanguay, ka rubuta su a saman shafinka, sannan ka nemi mutumin da kowannensu. Limami yana iya rubuta Hudon kaɗai, ko Beaulieu kaɗai, ko Hudon dit Beaulieu, ko ya juya shi Beaulieu dit Hudon, ko ya haɗa su da ɗan layi. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 akasarin iyalai sun zaɓi ɗaya sun bar ɗaya, har ta kai wa da ƙane suna ɗauke da sunaye mabambanta.

Kuskuren da ya fi muni shi ne ɗaukar masu laƙabi ɗaya a matsayin dangi. Lapointe laƙabi ne na gidan Audet, na gidan Desautels, da na gidan Tousignant, kuma babu abin da ya haɗa ukun sai laƙabin. In ka tarar da Lapointe biyu masu sunan yanka ɗaya, sunan matar kowannensu ne zai raba maka gardama. Ka kuma sassauta a kan rubutun haruffa, domin yawancin mutanen ba su iya rubutu ba, kuma za ka sha ganin limami ya rubuta cewa sun bayyana ba su iya sa hannu ba. Gauthier, Gautier da Gaultier suna ɗaya ne, haka ma wasu 'yan gidan Guyon suka wayi gari Dion. Ƙaramar kalmar de a gaban suna kuwa ba hujjar sarauta ba ce, sau da yawa gari kawai take nunawa.

Mataki na 5: Gane sunan da ake kiran mutum da shi

Daga ƙarni na 19 har wajen shekarun 1960, al'ada ce a fara sunan kusan kowane yaro da Joseph, kowace yarinya da Marie, sannan sau da yawa sunan uban baftisma ko uwar baftisma, wato waɗanda suka tsaya wa jariri a coci ranar baftismarsa, ya biyo, sai na ƙarshe shi ne wanda ake kiran yaron da shi a gida. Tsohon firaministan Kanada Jean Chrétien, cikakken sunansa Joseph Jacques Jean Chrétien ne. Abin ya yi kama da gidan da duk mazan Muhammadu ne a ranar suna, amma kowa da sunan da yake amsawa. Don haka in ka ga Joseph biyar a gida ɗaya ba kuskure ba ne, ka karanta jikin takardar, kada ka tsaya a abin da aka taƙaita a gefe. Wannan tsari ba doka ba ce, akwai gidajen da na tsakiya ake kira, kuma a ƙarni na 17 da na 18 suna ɗaya ko haɗaɗɗe irin Jean-Baptiste da Marie-Anne shi ne aka fi yi. Marie-Josephte sunan mace ne, Joseph-Marie kuma na namiji.

Yara suna mutuwa da yawa a wancan zamani, kuma iyaye kan mayar da sunan wanda ya rasu ga wanda aka haifa bayansa. In ka sami baftismar mai sunan da kake nema, ka ci gaba da buɗe shafuka shekara biyu ko uku ka tabbatar ba a binne shi yana jariri ba. Na taɓa gina tsara huɗu a kan wani Jean-Baptiste kafin in gane cewa akwai ɗan baffansa mai suna iri ɗaya a coci ɗaya, tsiransu shekara guda, kuma sunan uwa da aka rubuta a takardar aure ne ya nuna mini cewa na bi reshen da ba shi ba. Tun daga ranar ba na karɓar baftisma sai sunan uba da na uwa sun dace da na takardar aure.

Mataki na 6: Gwada abin da ka samu da ƙidaya

An yi ƙidayar farko a 1666 a ƙarƙashin Jean Talon, babban jami'in mulkin Faransa a ƙasar, aka sami mutum 3,215, aka sake yi a 1667 da 1681. Na zamanin Kanada daga 1851 zuwa 1931, duk bayan shekara goma, a buɗe suke. Amfaninsu shi ne suna nuna sunan da ake kiran kowa da shi a gida da kuma inda iyalin suka koma. Shekarun haihuwar da ke ciki kuwa kiyasi ne, kundin coci ya fi su gaskiya, tun da akan yi wa jariri baftisma a ranar haihuwa ko washegari, kuma limami kan rubuta né la veille, wato an haife shi jiya.

Mataki na 7: Idan sarƙar ta tsinke

Har zuwa 1994 kundin coci shi ne rajistar hukuma a Kebek, kuma limami yana rubuta kwafi biyu, ɗaya ya zauna a coci, ɗaya a kai kotu. In gobara ko ruwa ya ci ɗaya, ka nemi ɗayan. In duka babu, ka koma ga takardun notaire, wato jami'in da ke rubuta yarjejeniya da hatimin hukuma, domin ma'aurata da yawa sun yi yarjejeniyar aure a gabansa kwanaki kaɗan kafin biki, kuma ita ma tana kawo iyaye. Takardun rabon gado da na naɗa mai riƙon marayu suna jera 'ya'ya gaba ɗaya. In sabon ƙauye ne, ka duba cocin da ya girme shi a kusa, domin can ake zuwa kafin a gina nasu. Sunayen iyayen baftisma da shaidun aure ma suna da amfani, galibi kawu ne ko goggo ko kaka.

Wasu tsinkewar suna da dalili na tarihi. Mutanen Acadie, wato masu jin Faransanci na bakin tekun gabashin Kanada ta yau, waɗanda Birtaniya ta fara kora daga ƙasarsu a 1755, reshe ne dabam, kundayensu da yawa sun salwanta, kuma binciken nasu yana da nasa kayan aiki. Wani sunan kuma da kake ɗauka Bafaranshe ne asalinsa daga wani wuri yake: gidan Phaneuf sun fito daga Matthias Farnsworth, yaron da aka kamo daga yankin da Turawan Ingila suka zauna a Amurka a 1704. Inda aka rubuta de parents inconnus, wato ba a san iyaye ba, ka rubuta haka ka tsaya, kada ka cike giɓin da zato. Haka nan labarin da ke yawo a gidaje da yawa cewa wata kaka 'yar asalin ƙasar ce, ka girmama shi a matsayin abin da za a bincika, amma kada ka shigar da shi sai takarda ta nuna. Bishiyoyin iyali da mutane ke ɗorawa a intanet kuwa, ka ɗauke su a matsayin manuniya kawai, domin suna kwafar kuskuren juna.

Mataki na 8: Isa ga baƙon farko da ƙetarawa Faransa

Bayan tsara tara zuwa goma sha biyu za ka iso takardar auren da ta ce ango ko amarya daga wani coci ne a Faransa. Yawancinsu daga Normandie, Perche, Poitou, Aunis ko yankin Paris suke. Ta ɓangaren mata, da wuya ka rasa ɗaya daga cikin Filles du Roi, wato 'yan mata kusan 800 da Sarki Louis na 14 ya ɗauki nauyin tafiyarsu tsakanin 1663 da 1673 don su yi aure a can. Ka kwafi sunan cocin da na yankin bishop yadda aka rubuta su harafi da harafi, sannan ka duba Fichier Origine, rumbun da ke tattara takardun baftismar waɗannan baƙi da aka gano a Faransa. Ka yi hattara da La Rochelle da Dieppe, domin tashoshin jirgin ruwa ne, kuma wani lokaci daga nan mutum ya tashi alhali a wani ƙauye aka haife shi.

In Fichier Origine bai kawo mutuminka ba, ka nemo gundumar Faransa ta yau da ƙauyen yake ciki, ka shiga shafin gidan adana takardunta, yawancinsu sun ɗora tsofaffin kundayen coci kyauta. Mai sunan Tremblay, wanda shi ne sunan dangi mafi yawa a Kebek, zai iso kan Pierre Tremblay da ya zo a 1647 ya auri Ozanne Achon a 1657, kuma daga nan bincikensa zai koma Randonnai a yankin Perche, cikin gundumar Orne, wadda gidan adana takardunta yake a Alençon.